Kogon da Mumuni Ya Sayar

Kawunku Mumuni ne ya shigar da Nasara cikin kogon nan ruwa yana dawowa, ba ni ba. Shi ya ɗauki motata ba da sanina ba, shi ya yi ƙarya da sunana, shi ya jawo wani bawan Allah mai iyali ya nakasa, sannan ya gudu ya bar ni a hannun 'yan sanda, ya riga ni isowa Togo ya juya maganar. Abin da ya faru a tsibirin Santome ke nan. Na sa shi a farko don ko kun gaji da karatu, wannan dai kun gan shi. Rabi, Idirisu, ku nake wa wannan rubutu. Kun girma kuna jin ana nuna ku a Zongon Sokode ana cewa ga 'ya'yan Alasan wanda aka koro daga tsakiyar teku. Ni ban yi lekol mai nisa ba, wato makarantar boko, rubutuna kamar maganata yake, ku karanta shi haka.

Na fara da karen mota a hanyar Bilita zuwa Lome, na koyi tuƙi, na bi samarin garinmu zuwa Gabon kamar yadda kowa yake yi a lokacin. A Libarbil wani ɗan kasuwa ya ce mini akwai wani tsibiri can cikin ruwa, mutanensa Fotigis suke ji, ga Nasara masu Faransanci suna zuwa yawon buɗe ido ba mai yi musu magana. Na shiga jirgin ruwa na je. Na tarar da gaskiya ya faɗa. Direbobin garin suna kai baƙi wurare iri ɗaya kullum: bakin ruwan da ke jikin katin hoto, shagon cakulan, dutsen da teku yake fesowa ta ƙarƙashinsa. A yi hoto, a koma otel. Ni kuwa ba ni da kowa a ƙasar, ranar da ba aiki sai in ɗauki hanya in bi duk inda taya za ta iya shiga, inda ba za ta shiga ba in taka da ƙafa. Haka na san tsohon asibitin wata gonar kakawo, kokon da ake cakulan da shi, da Turawa suka bari, bishiya ta tsiro a tsakiyar ɗakin haihuwa, saiwoyinta sun rungume gadon ƙarfe. Na san layin dogo da ya ɓace cikin kurmi, in ka bi shi ka fito kan wani ruwa mai zubowa daga sama, ba kowa sai birai. Na san kwanar da za ka tsaya da sanyin safiya ka ga dogon dutsen nan mai kama da yatsa kafin gajimare ya rufe shi, alhali masu zuwa da rana fari kawai suke ɗauka a hoto. Na san wata tsohuwa mai gasa kifi mai fiffike a bakin rafi, inda mata ke shanya wanki a kan duwatsu har wurin ya zama kamar kasuwar atamfa. Baƙo ya gaya wa baƙo, har na sayi motar kaina. Kuɗin lekol ɗinku daga nan ya fito, da kwanon rufin gidan nan da kuke ciki.

Amma abin da ya fi duka shi ne kogon. A kudu yake, kusa da wani ƙauyen masunta da ba zan faɗi sunansa ba, don an riga an yi musu ɓarna isasshiya. Babbansu wani tsoho ne, Manuwel. Na daɗe ina ɗauko masa magani daga birni, ina kai matan ƙauyen asibiti in haihuwa ta zo da gardama, kafin wata rana ya ce wa babban ɗansa Zeka ya saka ni a kwalekwale. Bakin kogon ƙasa-ƙasa yake, sai teku ya janye ake ganinsa, kuma sai kun kwanta a cikin kwalekwalen za ku wuce. Ciki kuwa, Allah mai iko. Fili ne kamar masallaci, da yashi baƙi mai laushi, da idon ruwa mai daɗi yana ɓuɓɓugowa daga dutse, ga gishiri kewaye da shi amma shi ba gishiri. Sama akwai huda. In rana ta take, haske ya sauko ta nan kamar an zuro igiya, ruwan duk ya koma kore yana walƙiya a bango, tsattsewa suna kewaya kanku. Da ruwan nan suke yi wa jariransu wankan farko. Ni Musulmi ne, ban ɗauki abin da suka ɗauka game da wurin ba, amma na san amana in an ba ni.

Manuwel ya ce mini, “Ka kawo baƙinka, amma cikin kwalekwale guda, na hannu, ba mai inji ba. Ba takalmi, ba hoto. Ni zan ce yau a shiga, ni zan ce yau a bari. In Zeka ya ce ku fito, ko kana tsakiyar magana ka haɗiye ta.”

Na ce na ji. Shekaru ina kai mutane haka, kaɗan-kaɗan, waɗanda na ga suna da kunya. Wasu su fito suna hawaye. Ko farce ba wanda ya taɓa karyewa.

Shekarar da abin ya lalace, na zo gida hutu, muka hau arewa zuwa garin Dapawon da uwarku Salamatu gaida kakarku Inna Hawa. Mumuni yana nan zaune a gida. Dillalin shanu ne a kara, amma ya yi rigima da wasu Fulani daga wajen Manduri a kan wata saniya, manyan kara suka ce ya ɗan huta. Bayan mun ci abinci Inna ta kore yara, ta gyara zama.

Ta ce, “Alasan, ka tafi da ƙanenka.”

Na ce, “Inna, aikin can ba irin na kara ba ne. Haƙuri yake so da rufe baki.”

Ta ce, “To wa zai koya masa in ba kai ba? Ko sai ya lalace a gabana?”

Mumuni yana gefe yana murmushi, ya ce, “Yaya, ni da nake sayar da sa mai ƙafa uku a kuɗin mai huɗu, Nasara ne za su gagare ni?”

Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba. A hanyar dawowa tun daga Mango har garin Kara uwarku ba ta bar ni ba: Baban Rabi, uwa ɗaya uba ɗaya muke, Baban Rabi, in ka ƙi da wane ido zan dubi Inna. Kun san yadda abin yake a wurinmu. Ƙanen matarka in ya roƙe ka ta bakin uwarsa, ba ka da ƙofar fita. Na yi masa fasfo, na biya masa jirgi.

Da farko ya yi kyau, ba zan rage masa ba. Bakinsa zuma ne, Nasara suna son barkwancinsa, ya koyi Fotigis ɗin kasuwa da wuri. Sai na ga tunda zai riƙa kai mutane kudu ranar da nake wani wuri, dole ƙauyen su san shi. Na kai shi gaban Manuwel na yi abin da ubana yake yi, abin da kowane maigida yake yi a zongo in baƙo ya sauka a hannunsa. Na kama hannun Mumuni na sa a cikin na tsohon.

Na ce, “Ƙanena ne. Na tsaya masa.”

Manuwel ya ce, “Me ke nan, ka tsaya masa?”

Na ce, “A ƙasarmu, in na faɗi haka, bakinsa bakina ne. Abin da ya ce, ni na ce. Abin da ya fasa, ni na fasa.”

Tsohon ya daɗe yana duban Mumuni, sannan ya dube ni ya ce, “Magana mai nauyi kuke yi a ƙasarku.”

Ban yi kuskure ba, kada wani ya gaya muku haka. Da wannan kalmar kakanninmu suka yi fatauci daga Kano har Salaga ba takarda ba sa hannu. Wanda ya ci kalmar shi ne mai laifi, ba wanda ya ba da ita ba.

Ranar da ya fara shiga kogon, tun muna cikin kwalekwale na ga idonsa ya canja. Ba kallon mai mamakin ikon Allah yake yi ba, kallon dillali ne da ya ga dabba. Muna komawa mota ya fara.

“Yaya, kana da sa mai ƙiba haka ka ɗaure shi a bayan ɗaki? Mutum nawa kake kawowa? Ka bar ni da wurin nan wata guda ka gani.”

Na ce, “Ba namu ba ne.”

Ya ce, “Shanun da nake sayarwa nawa ne? Dillali ba ya mallaka, nunawa yake. Kuma ni a kara, mai saye ba ya fita da kuɗinsa a aljihu ina tsaye.”

Na ce, “Nan ba kara ba ne, Mumuni. Sa in ya ƙwace ana kamo shi. Teku ba a kamo shi.”

Ya yi dariya ya ce na zauna da masunta har na zama tsoho.

Sai ga wata ƙungiyar Nasara ta sauka a wani otel, cike da bas, yawancinsu tsofaffi ne da suka bar aiki. Wani ya ba su labarin kogon. Jagorarsu ta neme ni ranar Alhamis ta ce gobe suke so, duka, don jibi za su tashi. Na kira ƙauyen. Manuwel ya ce sam, makon nan ruwa ba shi da kirki, wata sabo ne, iska daga kudu take, teku yana janyewa da nisa ya dawo da gudu, shi ma gobe zai tafi jana'iza wani ƙauye. Na gaya wa matar a'a, na ce zan kai su tsohon asibitin da layin dogo bayan na sauko daga Juma'a. Ta ɓata rai. Mumuni yana tsaye yana ji. Da safe ya ce kansa yana ciwo, ba zai je masallaci ba. Na bar makullin mota a kan taga, na taka zuwa ɗan masallacin da mu baƙi muke haɗuwa, 'yan Senegal da 'yan Mali da Hausawan Najeriya.

Ana sallamewa na kunna waya, kira ya shigo. Matar Zeka ce, tana ihu. Da ƙyar na tsinci maganarta: mutanenka suna ciki, ruwa ya juyo, me ya sa ka aiko su?

Na ce, “Wa na aiko?”

Ta ce, “Ƙanenka! Ya ce kai ka aiko shi, ya ce kun gama magana da Baba!”

Ban san inda na bar takalmina ba. Na tare mai babur, irin zemijan ɗinmu, na ce ya kashe ni a hanya in ya ga dama amma ya yi gudu. Hanyar kudu duk ramuka ce da kwana, ga ruwan sama ya fara. Ina bayan babur ina lissafin abu guda: bakin kogon. Na san yadda yake rufewa. Ba a hankali yake cika kamar randa ba. Igiyar ruwa ce take zuwa ta toshe shi, ta koma ta bar ɗan fili, ta sake zuwa ta fi ta farko.

Da na iso, duk ƙauyen yana kan duwatsu. Ga motata a gindin kwakwa, ga bas ɗin otel. Abin da aka gaya mini a tsaye shi ne: Mumuni ya samu wani mai kwalekwalen inji ya ce masa Alasan ya shirya da tsoho, kuma tunda kowa ya ga ranar da na sa hannunsa a hannun Manuwel, ba wanda ya tambaya. Zeka yana can teku wajen kamun kifi. Aka yi sawu biyu aka zuba mutane a ciki, da takalmansu da wayoyinsu. Mai jirgin ya ce a fito, Mumuni ya ce a jira haske ya sauko, mutane sun biya don haske. Hasken ya sauko, ruwan ma ya zo. Sawun farko ya fita da ƙyar, injin ya bugi dutse. Kuma a cikin sawun farkon nan har da Mumuni. Ya bar sauran a ciki, tsofaffi, ba mai jin yarensu ko ɗaya tare da su.

Na gan shi can gefe, rigarsa jiƙe, waya a hannu. Na ce, “Mumuni!” Bai ɗago ba. Ban samu zuwa wurinsa ba, don a lokacin Zeka ya iso, ya ɗaura igiya a ƙugunsa. Ya dube ni sau ɗaya. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya miƙo mini bakin igiyar ya ce, “Riƙe.”

Ni ɗan Sokode ne, iyona bai wuce na rafi ba. Abin da zan iya ke nan, riƙewa. Muka jeru a kan dutse, maza da mata, igiya a hannu. Zeka ya jira ruwa ya koma, ya nutsa ya shige. Shiru. Igiya tana tafiya cikin tafina, ta tsaya. Ruwa ya zo ya rufe bakin gaba ɗaya, fari fat, ba ka ganin ko alamar rami. Matarsa ta durƙusa. Sai muka ji an ja. Muka ja, muka ja, sai ga kan wani tsoho ya ɓullo, Zeka yana riƙe da wuyan rigarsa. Samari suka cafe shi. Zeka ya shaƙi iska ya koma. Haka ya riƙa yi, ɗaya bayan ɗaya, kowane sawu filin yana raguwa, kowane sawu yana daɗewa fiye da na baya. Fatar hannuna ta saɓule, ban sani ba sai da na ga igiyar ta yi ja. Ina ta salati da ƙarfi, na kusa da ni yana tasa addu'ar. Ta ƙarshe wata tsohuwa ce mai jiki, ta ƙi sakin dutsen da ta kama, sai da ya ɓamɓare yatsunta. Ya turo ta waje, muka jawo ta. Shi yana bayanta, sai wata igiyar ruwa da ta fi duk na baya ta ɗaga shi ta maka a leɓen kogon. Duk da rurin teku na ji ƙarar.

Mun fito da shi da rai. Ƙashin ƙugunsa ya farfashe. Mutumin da yake ciyar da gida da ƙarfin ƙafarsa a cikin kwalekwale, har na bar ƙasar bai tsaya ba. Na juya in ce a kawo motata a kai shi asibiti, babu mota. Babu Mumuni. A bas ɗin otel aka kwantar da shi. Daga baya aka tsinci motar a bakin tashar jirgin ruwa.

Manuwel ya dawo daga jana'iza ya same ni zaune a kan dutse, hannuwana a buɗe. Na fara ce masa ban sani ba, ban aiko shi ba. Ya ɗaga hannu.

Ya ce, “Na san ba ka aiko shi ba. Amma me ka ce mini ranar nan?”

Na ce, “Abin da ya fasa, ni na fasa.”

Ya ce, “To.”

Bai sake yi mini magana ba har yau. 'Yan sanda suka zo. Mota da sunana, takardar aiki da sunana, mai jirgin ya rantse an ce masa ni na aiko. Na kwana a komisariya, ofishin 'yan sanda, kwanakin da ban so in tuna, aka ƙwace motar, aka buga mini hatimi a fasfo, aka sa ni a jirgi. Na ji hotunan da aka ɗauka sun bazu a waya, har wasu sun fara zuwa neman wurin da kansu, ƙauyen suka hana kowane baƙo sauka. Ba kogon kaɗai ba, har tsohuwar mai gasa kifi ta rasa masu saye.

Na sauka a tashar Sokode da leda guda. Na lura ana gaishe ni ana kallon ƙasa. Ashe labari ya riga ni. Mumuni ya ce ni na kwaɗaitu da kuɗin Nasara, ni na shigar da su, shi yana bina a matsayin yaro yana roƙona in bari, da ya ga abin ya ɓaci ya tsira da ransa. Har bidiyon kogon yake nuna wa mutane a wayarsa, yana cewa ku ga inda Yaya ya kusa kashe mu. Na hau Dapawon a fusace. Inna Hawa ta tare ni a zaure, ta cire ɗankwalinta ta ajiye a gabana, tsohuwa da furfurarta.

Ta ce, “Alasan, na san ɗana. Amma in ka tona shi, kara ba za su sake karɓarsa ba. Kai kana da sana'a a hannu. Ka rufa masa asiri saboda ni.”

Uwarku tana bayanta tana kuka. Na ɗauki ɗankwalin na miƙa mata, na juyo. Shirun nan shi kuka girma a cikinsa. Ba mai mota da ya yarda ya ba ni tuƙi, wa zai ba wanda ya sayar da ran fasinja? Na koma zemijan, ina ɗauko buhunan doya daga Kparatawo, ni da na yi hira da likitoci da manyan malamai a motata. Shi kuwa ya koma kara, ya yi tumbi, ya je Makka.

Na haɗiye duk wannan. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne ranar da kai Idirisu ka dawo daga tasha ka ƙi cin abinci. Ka gama koyon tuƙi, ka sami farmi, wato lasin tuƙi, ka je wurin wani Alhaji mai motoci, ya tambaye ka ɗan wa, ka faɗa, ya ce a gaban mutane ba ya ba jinin Alasan amanar rai. Ba kai ka gaya mini ba, a bakin masu shayi na ji. Na shiga ɗaki na ce wa uwarku gobe zan hau Dapawon.

Ta ce, “Baban Rabi, ɗan'uwana ne.”

Na ce, “Idirisu fa, ɗan wa ne?”

Da asuba na tarar ta ɗaure mini ruwa da ƙosai a leda. Ba ta ce in je ba, ba ta ce kada in je ba.

Hanya ta yi tsawo, ga shingayen sojoji bayan Mango, a sauke ku a duba kati a mayar. Na fara zuwa gidan Inna, don ba na yin abu a ɓoye. Ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi. Na durƙusa na ce, “Inna, shirun da kika roƙa na ba ki, ya kai kan jikanki. Na zo in karɓe shi.” Ta juya fuska bango. Na san farashin tun a nan: daga ranar dangin uwarku ba su sake taka gidan nan ba, ko da Salla. Na tashi na nufi kara.

Ranar kasuwa ce, shanu sun cika, ƙura da kuka. Na same shi a rumfar dillalai, babbar riga, carbi a hannu, yana tsakiyar ciniki da wani Bafulatani. Sarkin dillalai yana zaune a kan buzu. Na yi sallama da ƙarfi yadda kowa zai juyo.

Mumuni ya ce, “A'a, Yaya! Saukar yaushe? Mu je gida mana, nan rana.”

Na ce, “Nan ya yi. Alhaji Mumuni, ciro wayarka. Bidiyon nan da kake nuna wa mutane shekara da shekaru, kunna wa Sarki. A nemo fuskata a ciki. A saurara a ji muryar wa ke cewa a jira haske.”

Ya yi dariya, ya ce wayar ta daɗe da lalacewa. Wani dillali daga baya ya ce, “A'a, Alhaji, ai ko makon jiya ka nuna mana.” Sarki ya miƙa hannu ya ce a ba shi wayar. Mumuni ya tura hannu a aljihu ya bar shi a can. Bafulatanin ya janye igiyar sansa a hankali ya koma gefe.

Na ce, “Bar ta, Sarki, ba sai an kunna ba. Tambaya ɗaya zan yi masa. Mumuni, mutumin da ya shiga ruwa ya fito da waɗanda ka bari, yaya sunansa?”

Bai sani ba. Wallahi bai sani ba.

Na matsa har ina jin numfashinsa, na ce:

“Sunansa Zeka. Yana da mata da 'ya'ya, kuma ba ya tafiya. Ka riƙe sunan, don za a tambaye ka shi a inda ba dillali. Na kama hannunka na sa a hannun ubansa na ce na tsaya maka, na biya da motata, da sana'ata, da sunana, ban yi maka ƙorafi ba. Amma ban tsaya maka da ɗana ba. Ga manyan kara, su ne shaida: yau na janye. Bakinka ba bakina ba ne. Abin da ka fasa, kai ka fasa. Ɗauki kayanka, Mumuni, na sauke.”